Goyon Salifou a Titin Guillotière

Shagon da Salifou yake zama a unguwar Guillotière ta birnin Lyon da guminsa ya kama shi, amma duk wani yadi da ke kan kanta daga wurin yayansa Alhaji Sabo yake fitowa. Alhaji ne ke zaɓen kaya a Paris, shi ne ke yanka farashi, kuma duk ƙarshen wata sai Salifou ya hau jirgin ƙasa ya je shagon Alhaji a unguwar Goutte d'Or ta Paris ya durƙusa ya yi bayani. Gemunsa ya fara furfura ta gefe guda, amma har yanzu in ya yi magana sai Alhaji ya ce, "Kai yaro, me ka sani?"

Burin Salifou ɗaya ne a duniya: ya sami kayan da ba su bi ta hannun Alhaji ba. Da zafi ya fara shigowa a shekarar 1986 sai ƙofa ta buɗe. Wata masaƙar shadda ta Jamus ta Yamma tana neman wakili a Faransa, kuma za ta turo wanda zai zagaya shagunan Paris da na Lyon ya zaɓa. Duk wanda ya sami wakilcin, a wurinsa kowa zai riƙa saro shaddar. Salifou ya buga musu waya a ɓoye, suka ce za su zo shagonsa.

Da ya je Paris a ƙarshen watan, bayan ya gama shan faɗan Alhaji, sai ya shiga wani gidan abinci na 'yan Senegal. A nan ya tarar da Abdourahamane, wani ɗalibi ɗan Tahoua da ke karatun noma. Abdourahamane ya taɓa yin 'yan watanni a Jamus, kuma tun daga lokacin ba ya iya neman gishiri ba tare da ya ce "mu a Jamus" ba. Salifou ya ba shi labari, ya roƙe shi ya riƙe sirri.

"Wa suka ce za su turo?" in ji Abdourahamane.

"Wata Madam Renate. Ina jin sakatariya ce, maigidan zai biyo baya."

Abdourahamane ya ajiye cokali, ya dube shi kamar mai duban marar lafiya.

"Malam Salifou, babu wani maigida da zai biyo baya. Ita ce maigidan. Mu a Jamus yanzu komai ya juya. Mata ne a buro, wato ofis, maza suna gida suna wanke kwanoni. Bana ma doka aka yi, namiji ya ɗauki hutu ya zauna raino."

"Duk ƙasar?"

"Duk ƙasar, wallahi. In matar nan ta shigo shagonka ta tarar da gardi a kan kujera, matarsa kuma tana gida, ko jakarta ba za ta buɗe ba."

Salifou ya ture farantin shinkafa. Ya sha ruwa ya ce, "To yaya za a yi?"

"Abu mai sauƙi. Ka ɗora matarka Zouera a kan kujera, ka ce ita ce direktris, wato shugabar shago. Kai kuma ka tsaya gefe ka riƙe yaro. Safiya ɗaya ce, wa zai sani?"

Maganar kujera ba ta dami Salifou ba kamar maganar yaro. Yaron ɗan farinsu ne, kuma sunan marigayi mahaifin Salifou aka sa masa. A Damagaram inda aka haife shi, namiji mai kunya ba ya ɗaukar ɗan farinsa a gaban mutane, ba ya kiran sunansa, in an yaba yaron ma sai ya kau da kai kamar bai ji ba. Tun da aka haife shi, "yaron nan" kawai Salifou yake ce masa. In zai yi masa wasa sai ya tabbata Zouera tana ɗakin girki, ya ja ɗan yatsan ƙafarsa da sauri, ya koma ya ɗauki carbi.

Amma ya tuna durƙuson da ya yi ɗazu a gaban Alhaji. Ya ce a ransa, safiya ɗaya ba ta kashe mutum.

Gidansu yana Rillieux, a bayan garin Lyon, can saman wani dogon bene. Ya tarar da Zouera tana linke kayan yaro. Mace ce marar yawan magana, wadda ta koyi Faransancinta a bakin maƙwabta da wurin awon jarirai. Ta taɓa roƙonsa ya bar ta ta riƙa zuwa shago ko da share kanta ne, domin zaman bene ya ishe ta. Ya ce mata shago ba wurin mata ba ne, ba ta sake tayar da maganar ba.

Ya zauna ya yi mata bayani tiryan-tiryan, yana nanata cewa wasa ne, na safiya ɗaya.

"To, Malam," ta ce.

"Ba ki ce komai ba."

"Na ce to."

"Ki saurara da kyau. Ba sai kin yi dogon zance ba. In ta tambaye ki wani abu, ki dube ni. In na taɓa hula, ki ce wi, wato e da Faransanci. In na yi tari, ki ce a'a. Kin gane?"

"Hula wi, tari a'a." Ta ci gaba da linkewa, can ta ɗago kai kaɗan. "Malam, a kan kujerar nan mai juyawa zan zauna?"

"Ita ce kaɗai kujerar ai."

"To."

Ranar da baƙin za su zo, Zouera ta fito da shuɗiyar shaddarta ta suna, ta kafa ɗaurin kallabi wanda sai da ta sunkuya kafin ta shiga bas. A shago ta hau kujera a hankali, ta ɗan juya dama, ta ɗan juya hagu, ta yi sauri ta tsaya da ta ga yana kallonta. Shi kuwa ya tsaya gefen kanta, ya miƙar da hannuwa gaba, yana riƙe da yaron nesa da jikinsa kamar an ba shi ajiyar tukunya mai zafi.

Da hantsi ya ɗaga sai ga su. Madam Renate doguwa ce mai gajeren gashi, da kwat mai ruwan toka da jakar fata. A bayanta akwai wani dogon mutum mai gemu, ya sa safa a cikin takalmin sandal, ya rataye jaririya a ƙirji cikin wani ƙyalle mai igiyoyi. Mijinta ne, Mushe Detlef. Salifou ya dubi jaririyar, ya dubi gemun, ya ce a ransa, ashe ɗan Tahoua bai yi ƙarya ba.

Madam ta nufo shi. Ya yi wuf ya nuna kujera da haɓa, ya ce da Faransanci, "Ga direktris."

Fuskar Madam ta washe kamar an kunna fitila. Zouera ta zamo daga kujera za ta durƙusa ta yi gaisuwa irin ta gida, sai ta tuna a tsakiyar hanya, ta mayar da abin gyaran takalmi, ta miƙe ta ba da hannu. Madam ta buɗe jaka ta fara zuba yankunan shadda a kan kanta, masu ƙyalli da kauri, irin wadda ke amo in an taɓa. Yawun Salifou ya tsinke. Ya taɓa hula tun ba a tambayi komai ba.

Mushe Detlef ya matso kusa da shi, yana leƙen fuskar yaron.

"Kyakkyawa ne. Yaya sunansa?"

Salifou ya dubi rufi. "Sunan babana gare shi."

"To, yaya sunan babanka?"

"Sunan yaron nan."

Detlef ya jira ko akwai saura, ya ga babu, ya gyaɗa kai cikin ladabi. Sannan ya rage murya kamar mai neman alfarma.

"Mushe Salifou, akwai abin da na daɗe ina so in koya. A Paris na ga mata suna ɗaure yara a baya da zane guda, babu igiya, babu maɓalli. Wannan abin da na rataya yana kashe mini wuya. Kai da kake wannan aikin kullum, nuna mini yadda kake yi."

Salifou ya yi tari. Ya sake yin tari. Amma tambayar ba Zouera aka yi wa ba, tarin bai da inda zai sauka. Madam ma ta bar shadda ta juyo tana murmushi, tana jira ta gani.

Sai Zouera ta sauko daga kujera, ta zaro zanen goyo daga jakarta, ta karkaɗe shi.

"Malam, duƙa."

Ya yi mata murmushin da baƙi za su gani, ya ce da Hausa ta cikin haƙora, "Ke, ba mu yi haka da ke ba."

"Baƙi suna kallo, Malam. Duƙa sosai, kada ya zame."

Ya duƙa. Ta ɗora masa yaron a gadon baya, ta yafa zanen, ta zagayo da shi ta ƙarƙashin hammatarsa, ta soke a kan ƙirjin babbar rigarsa, daidai wurin aiki. Ta ɗauko majanyi ta tamke masa a ciki har sai da numfashinsa ya ɗauke. Yaron ya yi ɗan gurnani, ya kama wuyan rigar, ya kwantar da kai. Detlef ya tafa hannu, ya duƙa shi ma tun ba a ce masa ba. Zouera ta yanko masa atamfa mai zanen kaji daga kan kanta, ta ɗaure masa tasa jaririyar.

Jaririyar ba ta saba da baya ba, ta callara ƙara. Yaron Salifou ya ji, ya taya ta. Shago ya cika da kuka.

"Detlef," in ji Madam, "ku ɗan fita da su mana ku zagaya, mu samu mu yi aiki."

Salifou ya dubi ƙofa. In ya fita, wa zai taɓa hula? Ya kafe Zouera da ido, ya yi tari mai ƙarfi har yaron ya girgiza a bayansa. Zouera ta sunkuyar da kai, ta ce wa Madam cikin ƙaramar murya, da Faransancinta na maƙwabta, "Iska za ta yi masa amfani. Tun safe yake tarin nan."

Haka Salifou ya fito titin Guillotière da rana tsaka, da goyo a baya, da Bajamushe mai goyo a gefensa.

Ya so su bi ta lungu, amma Detlef dogo ne, ƙafarsa ta riga ta miƙi babban titi. A ƙofar shagon Hudu tela kuwa nan ne majalisar 'yan Nijar take, ana dafa shayi ana gyara duniya. Wanda ke zuba shayi ne ya fara hango su, ya ci gaba da zubawa har kofi ya cika ya malala a ƙasa. Hudu ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Salifou! Barka da arziki! Yaushe aka sauka ba mu ji ba?"

"An sauka lafiya dai ko?" wani ya ce. "Ana shan kunun kanwa kuwa?"

"Ku bar shi ya wuce, mai jego ba ya son tsayuwa cikin iska!"

Wani tsoho da dariya ta hana shi magana sai nuni yake yi da atamfar kajin Detlef, yana dukan cinya.

"Me suke cewa?" in ji Detlef.

"Gaisuwa ce."

"Mutanenku suna da kirki," ya ce, ya ɗaga musu hannu. Majalisa ta ɗaga masa hannu gaba ɗaya, wasu har da kofunan shayi.

Sai da suka kai bakin kogi sannan Salifou ya sami numfashi. Ya yi niyyar zama a kan benci, amma da ya tsaya sai yaron ya fara mutsu-mutsu, dole ya miƙe ya riƙa jijjiga daga ƙafa zuwa ƙafa. Bai san a ina jikinsa ya koyi wannan ba. Detlef ya tsaya a gabansa yana kwaikwayonsa, suka zama kamar masu rawar da ba ta da kiɗa.

"Kana da sa'a," in ji Detlef. "Kai a nan ana gaishe ka. Ni a layinmu, ni kaɗai ne."

"Kai kaɗai me?"

"Ni kaɗai ne namijin da ke zaune gida da yaro. Malamin makaranta nake, na ajiye aiki domin na Renate ya fi nawa tafiya. In na je wurin wasan yara, sai matan su yi shiru su jawo jakunkunansu kusa. Babana in ya bugo waya sai ya tambaye ni ko ciwo nake yi ina ɓoyewa."

Salifou ya daina jijjiga. "Amma an ce duk Jamus haka ake yi yanzu."

Detlef ya yi dariya har jaririyar ta buɗe ido. "Wa ya gaya maka? Doka dai an yi ta, amma je ka nemo mazan. Ita ma Renate ita kaɗai ce mace a cikin manyan wurin aikinsu. Duk baƙon da ya zo taro sai ya ce ta kawo masa kofi."

Salifou ya dubi ruwan kogi, ya fara tsara abin da zai yi wa Abdourahamane in ya kama shi.

"Ko jiya a Paris haka aka yi mata," Detlef ya ci gaba. "Mun shiga shagon wani babban ɗan kasuwa, mai ƙatuwar riga da haƙorin zinariya. Ya zaunar da ni a kujerarsa, ya karɓi yarinya daga jikina ya miƙa wa Renate, ya nuna mata bayan shago. Na yi ta gaya masa ita ce mai maganar, shi kuwa sai dariya yake yana cewa ina da barkwanci. Da muka fito ta ce ko shi kaɗai ya rage a Faransa ba za ta ba shi ba, ko shi ko reshensa."

Salifou ya kau da kai. Haƙorin Makka ɗaya ya sani a Goutte d'Or, kuma tun yana yaro yake ganinsa in ana yi masa faɗa.

Detlef ya kama hannunsa da hannu biyu, idanunsa sun kawo ruwa. "Sai da na zo Lyon na sami ɗan'uwa."

Salifou ya zare hannunsa a hankali. Ya ce, "Mu koma, kada su neme mu."

Suna shan kwanar shago sai ga tasi ta tsaya a ƙofar. Ƙafa ta fara fitowa, sai babbar riga fara sol, sai hula, sai Alhaji Sabo gaba ɗayansa. Babu lungu, babu ƙofa, babu ko bishiyar da mutum zai laɓe. Alhaji ya juyo, suka yi ido huɗu.

"La'ilaha illallahu! Salifou! Mene ne wannan a bayanka?"

"Yaro ne, Yaya."

"Na san ba akuya ba ce! Wane yaron?"

Salifou ya dubi takalminsa. "Mai sunan Baba."

Alhaji ya dafa ƙofar tasi don kada ya faɗi. "Ɗan farinka? Ubanmu ka ɗaure da zanen mace kana yawo da shi a titi? Wace cuta ce ta kama ka?" Sai idonsa ya kai kan Detlef, fuskarsa ta canza, haƙorin ya bayyana. "A'a, Mushe Direkta!" Ya miƙa hannu, ya hango ƙananan ƙafafu suna lilo a kwiɓin Bature. Ya janye hannun a hankali. "Shi ma? Ashe a ruwan garin nan take."

"Yaya, ka tsaya in yi maka bayani."

"Ba na so. Ɗan Tahoua ya gaya mini komai. Jiya ban san abin da ya ɓata wa Baturen nan rai ba, shi ya sa na biyo shi kafin ka ƙarasa lalata maganar. Yaro ba ya ciniki da Jamus. Kwance wannan abin ka biyo ni."

Ya tura ƙofa ya shiga, suka bi shi. A ciki shadda ta rufe kanta, matan biyu sun haɗa kai suna dariya. Zouera tana ganin Alhaji dariyar ta ɗauke, ta dafa hannun kujera za ta miƙe.

"Ke, wa ya ɗora ki nan?" in ji Alhaji. "Tashi ki kawo mini ruwa, na sha hanya."

Madam ba ta jin Hausa, amma ta gane haƙorin, ta kuma gane muryar. Murmushinta ya tafi. Ta fara tattara yankunan shadda ɗaya bayan ɗaya tana mayarwa cikin jaka. Ta dubi Salifou ta ce, "Mushe, ina so in ji gaskiya. Wannan shagon na mutumin nan ne?"

Alhaji ya bugi ƙirji zai amsa. Zouera ta tsaya rabi a zaune rabi a tsaye, tana duban hular mijinta. Detlef yana dubansa da idon ɗan'uwa. Tun da Salifou ya yi wayo bai taɓa katse yayansa ba, kuma ya san in ya yi shiru na ɗan lokaci kaɗan, jakar za ta rufe, ƙarshen wata ya zo, ya hau jirgi ya je ya durƙusa kamar kullum. Yaron ya yi ajiyar zuciya cikin barci, numfashinsa mai ɗumi yana sauka a tsakanin kafaɗunsa.

"Yayana ne, Madam," ya ce. "Uwa ɗaya uba ɗaya, ba zan musa ba. Amma shagon nan ba reshen kowa ba ne. Ga mai kujerar nan a gabanki." Ya juya da Hausa. "Zauna, Zouera. Yaya, ga wuri a kan dilan yadin can. Ni zan kawo ruwan."

Ya shiga bayan shago ya ɗebo ruwa a kofi. Ya dawo ya durƙusa a gaban Alhaji yadda ya saba, gwiwa biyu a ƙasa, sai dai yau da goyo a baya, ya miƙa da hannu biyu. Alhaji ya dubi kofin, ya dubi ƙanensa, ya dubi ƙeyar mai sunan ubansa. Ƙishirwa kuwa gaskiya ce, ya sha hanya. Ya zauna a kan dila ya karɓa.

Madam ta dubi Zouera. "Haka ne?"

Zouera ta koma cikin kujera sosai. Ba ta dubi hular kowa ba. "Wi," ta ce.

Jaka ta sake buɗewa. Madam ta ce ai tun kafin maza su dawo suka gama magana, saura sa hannu. Wakilcin da sunan Madam Zouera zai fito. Madam Renate da kanta za ta riƙa bugo waya da safe a nan shago, kuma duk lokacin da sabon kaya ya fito za ta zo Lyon su zauna su biyu su zaɓa.

"Da safe?" in ji Salifou. "Wace safiyar?"

"Kowace ta kama. Madam Zouera ta ce kullum tana nan," in ji Madam Renate.

Salifou ya yi tari. Zouera ta ɗauki alƙalami tana rubuta sunanta a hankali, harafi bayan harafi, ta ce da Hausa ba tare da ta ɗago ba, "Ka yi haƙuri, Malam. Da ta tambaya na duba, ban ga hularka ba."

Baƙi suka yi sallama. Detlef ya ƙi a kwance masa atamfar kaji, ya ce da ita zai shiga Jamus. Ya rungume Salifou, goyo da goyo suna lilo, ya ce masa kada ya bari kowa ya karya masa gwiwa. Ya miƙa wa Alhaji hannu shi ma, Alhaji ya karɓa da 'yan yatsu.

Alhaji yana zaune a kan dila, ya kafa ido a bango, yana jan carbi da ƙarfi kamar carbin ne ya yi laifi. Madam ta bar 'yan yankunan shadda a kan kanta, ɗaya kuma ya zamo kusa da shi. Ya daɗe yana yi kamar bai gani ba. Can hannunsa ya tafi da kansa, ya murza yadin, ya ɗaga shi ta wajen haske, ya kai shi kusa da kunne ya motsa. Ya ajiye. Ya sake ɗauka.

"Kayan ba laifi," ya gaya wa bango.

Zouera ta ci gaba da linke shadda.

"Salifou, ka gaya mata Paris za ta buƙaci kaya kafin Babbar Sallah."

"Yaya, ga ta nan kusa da kai."

Alhaji ya harare shi, harara irin wadda a da take sa Salifou ya durƙusa. Yau sai ya ga yana iya jijjiga yaro yana karɓarta. Alhaji ya gyara murya, ya gyara hannun riga, ya gyara hula, ya juya rabin jikinsa wajen kujera.

"Zouera. Wato, Hajiya. An yini lafiya?"

Zouera ta sauko ta durƙusa har ƙasa. Ta gaishe shi da hanya, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi kasuwa, ta tambayi ciwon ƙafarsa, ta yi masa addu'ar Allah ya ƙara girma. Da ta gama sai ta miƙe, ta koma kan kujera, ta ɗan juya ta fuskance shi.

"Maganar kaya kuma, Yaya Alhaji, za a duba."

"Za a duba," Alhaji ya maimaita a hankali, kamar mai ɗanɗana magani.

Dariya ta taso wa Salifou daga ciki, ya danne ta da ƙyar har majanyi ya yi ƙara. Bayansa ya gaji, kafaɗunsa sun yi tsami, rigarsa ta jiƙe sharkaf, bai ma san ko duka gumi ba ne. Ya matso kusa da kanta ya juya mata baya.

"To, baƙi sun tafi. A sauke mini shi."

Zouera ta leƙa fuskar yaron, ta gyara masa kai, ta ƙara soke bakin zanen da ya fara kwancewa.

"Barcinsa bai yi nisa ba, Malam, in aka taɓa shi yanzu zai tashi. Ka ɗan ƙara zagayawa, muna magana da Yaya."